Shekarar da Na Koyi Gaton Babanku

Akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a bayan idona, ku 'ya'yana, kuma tana iso ni har nan Gaya ko ba ku aiko ta ba. Kuna cewa taurin kai ne ya hana ni bin ku Yamai bayan rasuwar babanku, na zaɓi zama a gidan da ba kowa sai tsohuwa makauniya da kaji. Taurin kai ina da shi, ban musa ba, a Karakara aka haife ni kuma ba a san mu da sanyin hali ba. Amma ba shi ya zaunar da ni ba. Yanzu da gwiwoyina suka fara ƙin ɗaukata, kuma waɗanda nake jin nauyinsu a cikin wannan magana duk sun riga mu gidan gaskiya, zan faɗa muku yadda abin ya kasance. Dole in fara da gato, ƙananan kek ɗin nan masu taushi da ƙamshin lemun tsami, waɗanda kuka tashi kuna wawaso a kansu kuna kiran su gaton Inna.

Ba ni nake yin su ba. Babanku ne.

Kun san shi ɗan masunta ne, gidansu gidan kwalekwale da koma ne tun kaka da kakanni. Yana saurayi ya haye gadar kogi ya tafi Kwatano neman na kansa, ya aiko gida cewa a tashar jiragen ruwa yake aiki. Tashar nan ko ƙeyarsa ba ta taɓa gani ba. Kuku ya zama a gidan wata Baturiya, ya yi shekaru yana kaɗa ƙwai da gasa burodi, da ya tara jari ya dawo ya buɗe shagon kayan babur a kan hanyar gada, ya ja bakinsa ya yi gum. Ni kaina sai da na sami cikin fari na sani. Laulayi ya sa ni gaba, ko ruwa na sha sai ya dawo, na rame har zanina yana neman faɗuwa. Wata safiya ya dawo daga masallaci ya shiga ɗan ɗakin ajiya da ke bayan madafa, ya jawo ƙofa, ya ce in zauna a baki in ga kada kowa ya shigo. Da ya fito sai ya miƙo mini faranti. Na ci ɗaya, na ci biyu, na zauna ina jira su dawo, ba su dawo ba.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ki ci ki yi shiru," ya ce. "In wani ya tambaya, ke kika yi. In 'yan'uwana suka ji na taɓa ludayi, ban sake zama cikinsu a bakin kogi."

Gaskiya ya faɗa, na san sunan da za su laƙa masa, ba kuwa zan rubuta shi a nan ba. Haka muka shirya, muka rayu a kai fiye da shekara talatin. Duk Juma'a da sassafe, kuna lakwal wurin karatu ko kuna barci, sai ya shige ɗakin nan da tukunyar yashi da garwashi, ni kuma in zauna a bakin ƙofa na ba shi baya, faifai a cinyata ina tsince shinkafa, idona a kan zaure. In ya gama sai ya ɗebo ɗan garin farin, wato fulawa, ya barbaɗa mini a zani, in ɗauki faranti in fito da shi ina taƙama. Matan unguwa suka yi ta roƙona in koya musu, ina cewa sirrin gidanmu ne na Karakara. A Karakara kuwa ban da fura da tuwon gero ba mu san wani sirri ba. Ina jin daɗin yabon, kada in yi muku ƙarya, shi kuma yana gefe yana murmushi yana ce mini, "Sannu da aiki, gwana."

Wadda ta fi kowa son gaton nan ita ce Nya, kakarku, mahaifiyarsa. Tun da idonta ya mutu ta dawo gidanmu, haƙoranta kuma suka bi ido, sai ya zama tuwo da kifi duk wahala ne gare ta. Gaton kuwa a baki yake narkewa. Takan tsoma shi a shayi ta ci tana gyaɗa kai, ta ce mini fofo, wato sannu da yarensu na Dendi, ta sa mini albarka. Ni da Nya ba mu taɓa yin doguwar hira ba. Hausarta ta kasuwa ce, Dendancina na gaisuwa ne, kuma akwai kunyar suruka a tsakaninmu. Gaton nan ne yawancin maganar da muke yi da juna.

Sai babanku ya kwanta zazzaɓi a tsakiyar bazara, kafin mu ankara Allah ya karɓi abinsa. Kun zo, kun yi kuka, an yi sadaka, gida ya cika har ba wurin shimfiɗa tabarma. Sannan kowa ya kama gabansa, ban ga laifinku ba, aiki ba ya jiran mai makoki. Kafin ka tafi, kai Babba, ka tsaya a bakin ɗakina ka ce ka sa a gyara mini ɗaki a gidanka, ranar da na fita takaba za ka zo da mota ka ɗauke ni, Nya kuma ta koma gidan gwaggonku Fati a ƙasan gari. Na ce to. Da zuciya ɗaya na ce to, domin a lokacin ba abin da nake so kamar in bar gidan nan.

Ban san gida yana da girma haka ba sai da kuka watse. Mai takaba ba ta fita, ba ta kwalliya, ba ta sa turare, sai zama. Ina share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata, ina dafa abinci in manta in auna na mutum uku. Da la'asar nakan ji ƙarar babur a ƙofar gida in miƙe tsaye, sai ya wuce. Manyan kamiyo, motocin kaya masu zuwa gada, su ne abokan hirata, ina jin gurnaninsu ta bayan katanga ina cewa wannan ya yi lodi da yawa, wancan direbansa yaro ne. Kuna kirana a waya kuna tambaya ko ina lafiya, ina cewa lafiya lau, ku ce alhamdulillahi, a kashe. Kewa ta dame ni ƙwarai, na ji ta har a ƙashina, kuma ba wanda zan gaya wa.

Nya kuwa ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. Abinci ta daina ci. In kai mata kunu, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. In dama fura da nono mai kyau, ta ce ta ƙoshi. Ta juya fuskarta bango, tsohuwa mai jiki da ƙashi ta koma kamar ƙullin tsumma a kan gado. Aka kawo likita ya duba ta ya ce ba ciwon da ya gani, amma in ba ta ci ba ba za ta ga damina ba. Fati ta ja ni gefe a madafa.

"Ke ma dai, matar yaya, mi kike jira? Ki yi mata gaton nan naki mana. Shi kaɗai ne ba ta taɓa mayarwa ba."

"Ina cikin takaba, Fati."

"Takaba ta hana ki turare, ba ta hana ki wuta ba. Gobe in kawo miki farin da sukari daga kasuwa."

Tsohuwa tana mutuwa a ɗakina, maganinta a hannuna kowa ya sani, ni kuwa ban san ko da me ake farawa ba. In na ce ban iya ba, na tona asirin mutumin da ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. In na yi shiru, na bar uwarsa ta bi shi. Na ce a raina, shekara talatin ina zaune a bakin ƙofar nan, kuma ni mace ce da ta riƙe gida ta ciyar da baƙi, gari da ƙwai ba za su gagare ni ba.

Sun gagare ni. Na soya man shanu da albasa ya yi ƙamshi kamar yadda uwata ta koya mini, domin a wurinmu macen da ta sa ɗanyen mai a abinci ƙazama ce. Na matse ruwan lemun tsami daga itacen da ke tsakar gida na zuba da yawa. Na murza ƙullun da ƙarfina kamar na cincin. Na jera a faranti, na ɗora a kan yashi mai zafi a cikin tukunya, na zuba garwashi a kan murfi, na jira har suka yi ja sosai, kada in ba tsohuwa ɗanyen abu. Abin da ya fito, da an ba yara da sun harbi tsuntsu da shi. Duk da haka na kai mata. Ta lalubo ɗaya, ta juya shi a yatsunta, ta mayar a faranti a hankali.

"Ban jin yunwa, ɗiyata."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na daka su a turmi na watsa wa kaji. Washegari na sake, na rage lemu, na ƙara ƙwai, suka fito kamar jiya. Na sake, na sake. Kajin gidanmu ba su taɓa yin ƙiba irin ta wannan bazarar ba. Sau da yawa na ɗauki waya in ce wa ɗaya daga cikinku ta duba mini yadda ake yi, tunda yanzu komai yana cikin waya, sai in ajiye. Da wane baki mai gaton Inna za ta tambayi 'yarta yadda ake gato?

Wata Juma'a da safe na gaji, na fito daga ɗakin ajiyar na zube a bakin ƙofa, daidai inda na saba zama, na ba ɗakin baya. Ba dabara ba ce, ƙafafuna ne suka kai ni. Ina zaune sai na ga ashe ban taɓa ganin aikin nan da ido ba, amma kunnena ya haddace shi. Na rufe ido na bi shi daga farko. Da fari ƙarar ruwa nake ji, ya ɗebo daga randa, ya zubar, ya sake ɗebowa, ya zubar. Sannan bugun cokali a jikin ƙwarya, mai tsawo, har nakan ce masa ko hannunsa ba ya gajiya. Sannan wani ƙarar-ƙarar kamar ɓera yana cin gwangwani. Bayan wannan sai shiru, ba dukan ƙullu, ba nishi. Abin da ban taɓa ji ba ko sau ɗaya shi ne cuwwar mai a wuta, kuma warin albasa bai taɓa fitowa daga ɗakin nan ba. Na tashi na shiga na laluba bayan ƙofa, na sami murfin gwangwanin tumatir da aka huda da ƙusa, rataye a jikin bango, busasshen koren ɓawon lemu maƙale a ramukansa. Ashe ɓawon yake gogawa, ni ina ta ɓarnar ruwan.

A makon ne Jabu ta zo, Bafulatanar da ke kawo mana nono da mai tun kuna ƙanana. Ta yi mini gaisuwa, ta sauke ƙwaryarta, na ce ta ba ni ɗanyen mai, curin da ba a taɓa kai shi wuta ba.

"Irin na maigida ke nan," ta ce. "Allah ya jiƙan shi. Kullum shi ka tare ni a zaure ya ce uwargida na son na safe, mai sanyi."

Na wanke man da ruwan randa har tsamin nono ya fita, ruwan ya koma garau. Na buga shi da sukari har kafaɗata ta yi tsami, ya yi fari ya tashi. Na fasa ƙwai, na goga ɓawon lemu, na zuba gari da ɗan lebir, garin nan da ke sa ƙullu tashi, na haɗa da yatsu a hankali ba murza. Ƙamshin da ya tashi nasa ne sak, har sai da na waiga. Amma da na sauke su sun yi ja, suka huce, sai ga su da tauri. Sun fi na baya, amma ba abin da dasashin tsohuwa zai iya da shi. Nya a lokacin ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta, salla ma a kwance take yi. Na fara tunanin Allah bai nufa in iya ba.

Baƙi ne suka cece ni ba su sani ba. Na ɗora wani faranti ke nan, bai daɗe a wuta ba, sai na ji sallama a zaure, mata ne dangin babanku daga Bengou da ba su sami zuwa gaisuwa da wuri ba. Kunya ta rufe ni, a ce an tarar da mai takaba gidanta yana ƙamshi kamar gidan biki. Na fizge farantin daga tukunya, gaton fari fat kamar bai ga wuta ba, na tura shi bayan buhu na kifa faifai a kai, na ce wannan ma na kaji ne. Na fito na zauna suna ce mini fonda tilas, gaisuwarsu ta rashi, ina amsawa, wata a cikinsu tana ta buɗe hanci tana waige-waige. Sai bayan azahar suka tafi. Na koma in kwashe ɓarnata, na ɗaga faifai, na ɗauki ɗaya. Ya kama jikinsa. Ƙasansa kaɗai ya ɗan yi ruwan zuma, samansa fari. Na gutsura, ya narke a harshena. Ashe tun yana kamar ɗanye ake sauke shi, zafin jikinsa ne yake ƙarasa shi. Ni kuwa da na tashi a kan cewa abin da bai yi ja ba bai dahu ba, da zan shekara ina ƙona su. A nan bayan buhu na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Na wanke fuska, na haɗa shayi, na shiga ɗakin Nya. Na tallafe ta na jingina ta da bango, na sa mata ɗaya a tafin hannu. Ta matsa shi da babban yatsa, ya lotsa. Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta kai baki, ta ci, ta miƙo hannu na ba ta wani. Ina kallon maƙogwaronta yana motsi kamar ban taɓa ganin mutum yana haɗiya ba. Da ta ci na uku sai ta ce in ba ta hannuna. Ta kai shi hancinta ta shinshina, yatsa bayan yatsa.

"Yau ke kika yi," ta ce.

Ta riƙe hannuna, ta ci gaba.

"Ido ne ba ni da shi, hanci yana nan. Kowace Juma'a kina kawo mini faranti, hannunki warin shinkafa. Shi ya zo gaishe ni kafin masallaci, in kama hannunsa, lemu. Ni na haife shi."

"Nya, tun yaushe kika sani?"

"Tun farko. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Kin rufa mishi asiri, Allah ya rufa naki." Ta ƙara damƙe hannuna. "Kada yara su ji, ina da rai. Bai so ba."

Ba ta roƙe ni in zauna ba, kada ku ɗora mata wannan. Ba ta ma san da maganar motar ba. Amma ta riƙe hannun nan a jikin kumatunta har barci ya ɗauke ta, ni kuma ina zaune ban iya zarewa ba, kuma kafin in tashi daga bakin gadon na riga na san ba inda za ni. A gidan Fati za ta sami tuwo da kulawa, amma ba za ta sami wannan ba.

Ranar da na fita takaba ka zo da motarka kamar yadda ka yi alkawari, Babba. Ka tarar ban ɗaure ko ƙunshi ɗaya ba.

"Inna, mi ya faru? Ɗaki na can an shafa fenti, yara na jiran ki."

"Ba ni zuwa."

"Saboda mi? Wani ya ɓata miki rai?"

"Ba kowa. Ba ni zuwa ne kawai."

Ka tambaye ni har muryarka ta canza, ban ba ka dalili ba, domin dalilin ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma an ɗaure bakina. Na ga lokacin da fuskarka ta rufe. Ka ɗauka gidanka na raina, ko matarka. Ka shiga mota ko ruwan da na kawo maka ba ka sha ba, Salla biyu ba ka zo ba, 'ya'yanka suka yi wayo ba su san muryata ba sai a waya. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi, kuma na san kai ma ya yi maka. Na zauna a gidan nan ni da tsohuwar da ba ma jin yaren juna sosai, daga ni sai ita sai gurnanin kamiyo, wasu ranakun ba na furta kalma goma daga safe har dare.

Nya ta ga damina, ta ga wasu daminun bayanta. Kowace Juma'a ina tashi da sassafe in yi gaton, in kai mata, ta kama hannuna ta shinshina, sannan ta ci. A shekararta ta ƙarshe hankalinta ya fara tafiya yana dawowa, takan tambayi mutanen da suka mutu tun ban zo Gaya ba. Babanku ɗanta ne na fari, kuma kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ban taɓa jin sa a bakinta ba tun da na shigo gidan nan. Juma'ar ƙarshe na shiga da faranti, ba ta iya ci ba. Ta lalubo hannuna ta kai hancinta, fuskarta ta saki, sai ta kira sunansa, sunan yanka, a sarari, kamar tana kiran yaro daga bakin kogi ya zo ya ci abinci.

Na amsa mata. Ta sake kira, na sake amsawa.

Ka gaya mini, Babba, da na shiga motar nan, wa zai amsa?